Mai Fita Farko

Kafin asuba ta gama wanke fuska
sun buɗe famfo a filin Rourkela.
Ciyawar roba, shuɗiya kamar an tsoma ta a baba,
tana shan ruwan da zai ishi gonar Inna mako guda.
Ni ina kan benci
ina naɗe babban yatsan hagu da filasta,
wanda ya karye sau biyu, ya ɗoru a karkace,
har yau ba ya yarda ya sa maɓallin riga.

Wasan nan a duƙe ake yin sa.
Ba wanda ya gaya mini haka
ranar da Baba ya saro gora a bakin rafi,
ya gasa bakinta a wuta, ya lanƙwasa,
ya ce, ga sanda, Jasinta, je ki kori ƙwallo.
Shekara sha ɗaya ke nan ina duƙe.
Inna ma a duƙe ta ƙarar da ƙuruciyarta,
tana dashen shinkafa, ruwa iya ƙwauri.
In na je gida hutun Kirsimeti
mukan kwanta rub da ciki a tabarma ɗaya,
ƙanwata ta bi mu da tausar ƙafa,
ba ta san kwankwason wa ya fi ƙara ba.

Minti sha biyar sau huɗu, in ji agogo.
Agogo ba shi da huhu.
Ki ruga, ki ci birki, ki juya a kan gwiwa ɗaya,
ki sake rugawa kafin numfashi ya dawo daga inda ya tafi.
Cinya ta ɗau wuta, harshe ya bushe kamar ƙirgi.
In kika faɗi, robar nan ba ta da tausayin ƙasa,
takan saɓule fata kamar ɓawon dafaffen dankali,
da dare zanen gado ya manne wa ciwon.

Yau kwana biyu da zuwan baƙon wata.
Mara na murɗawa kamar ana matse wanki.
Na kora ƙwaya biyu da shayi, ban gaya wa koci ba.
Rojalin kaɗai ta gani,
ta miƙo mini baƙin gajeren wandonta, ba ta ce uffan ba.

Sai usur. Bugun kusurwa a kanmu.
Mu biyar a bayan layi, a bakin raga.
An jefo mini abin rufe fuska, yana warin gumin wata.
Ni ce mai fita farko.
Aikin ba shi da wuyar bayani:
ga mace can za ta wurgo dutse
da gudun motar da ta ƙwace wa direba,
ni kuma in ruga gare ta, ban da kaucewa.
Taki bakwai. Na sha ƙirga su.
A na uku jiki yakan ce, ke, koma.
A na biyar ba na jin komai
sai robar da ke tsakanin haƙorana.

Ƙwas!
Ta sami cinya, yatsa huɗu sama da gwiwa.
Alƙaliya ta nuna wajenmu: ta yi sama, laifinsu ne.
Da ta sauko kaɗan, da ni ce mai laifi.
Ana ihu, ana dukan ganga,
ni ina laluben ƙafata, ko tana nan.
Tana nan. Saura minti shida.

Da yamma, cikin bahon ƙanƙara iya ƙugu,
mun jeru kamar kifin da aka ajiye wa kasuwar gobe.
Anima na ƙirga ɗinkin haɓarta da ɗan yatsa.
Rojalin na shafa dogon tabo
inda likita ya aro jijiya daga baya ya dasa a gaba.
Shekarunta ashirin da huɗu,
amma in hadari ya haɗo, gwiwarta ke fara sani.

Hatimin ƙwallo ya fito a cinyata,
zagaye, har da 'yan ramukansa.
Ja yau, gobe baƙi, jibi launin ɗanyen mangwaro.

Inna ta kira. Ta gan ni a wayar maƙwabci.
Ta ce, me ya sa kullum ke ce a gaba?
Na ce, na fi su sauri ne.
Ta yi shiru. Ina jin ruwa na dukan kwanon ɗakinmu.
Can ta ce, to, mu ma an fara dashe.
Ki riƙa miƙe bayanki in kin sami sarari.