Farautar Ranaku

Jiya da la'asar na biya shagon Illa mai fotokofi,
dala goma-goma ya buga mini su, guda bakwai,
'yan murabba'ai masu ɗigon baƙi da fari,
ka ce gashin zabuwa aka yanka da almakashi.
Ya ce, "Madam, laya ce wannan ko lissafi?"
Na ce, "Tarko ne.
Gobe zan kama yara sittin da uku da shi."

Tun ba a buga ƙarfen shiga ba na ɓoye su,
wata gindin tulu, wata bayan tabulo,
wata ƙarƙashin bencin nan mai ɗingishi
da muke tokarewa da rabin birgi.
Salula ɗaya gare mu, tawa,
fuskarta a tsage tun hanyar Ƙonni,
ga kuran an ɗauke tun asuba,
duk Tawa babu mai caji.

Na ce, "Ku tashi."
Ai kuwa aji ya zama kasuwar Lahadi.

Agali ya fara gani, ya zo da ita sama kamar tuta.
Salula ta ƙura mata ido, ta yi ƙit, ta buɗe baki:
sha takwas ga Disamba, ranar Jamhuriya,
alif ɗari tara da hamsin da takwas.
Daga ƙasa ta ƙara: ku nemi inda ruwa ke kwana.
Suka kwasa wajen tulu, moɗa ta sha ƙasa.

A jikin bedin tsakar lakwal suka ɓamɓaro ta uku,
tururuwa na yawo bisanta kamar su ma karatu suke.
Uku ga Agusta, 'yancin kai,
ranar kuma ake dasa itace.
Hamsatu ta dafa bedin ta ce,
"Ashe kai ma ran hutu aka haife ka."

Da aka zo kan Layya, Kadri ya riƙe ƙugu:
"Madam, wannan ba sai an tambayi salula ba.
Hancina ya san ta,
ran da raguna ke tsaye jikin itace suna kallon wuta
mu kuma muna kallonsu har gobe."
Na ba shi maki, ban san na mene ba.

Caji saura tara.
Na ce a kawo a ƙidaya.
Bakwai na ɓoye. Takwas ke hannuna.

Ta takwas fallen kaye ce,
an bi gidajen layin da bik ɗaya bayan ɗaya,
wani a cike, wani a bari,
har da idanun nan uku na kusurwa.
Salula ta duba, ta sake dubawa,
ta yi shiru irin na baƙo.

Tsahara ce, ta bencin baya,
wadda ban ga ta yi gudu da kowa ba.
Shuɗin bik har gefen hannunta.
Na ce, "Me taki ke cewa?"
Ta ce, "Ranar da babana zai dawo daga Abijan."
Na ce, "Wace rana ce?"
Ta ce, "Shi ya sa na zana, Madam.
Na ce ko ita ta sani."

Ba wanda ya yi dariya, har Kadri.
Can wani ya ce nasa yana Libiya,
wata ta ce Kamaru, shekara huɗu,
hannuwa suka riƙa tashi ba ni na tambaya ba.
Na daina ƙirga a ashirin da shida.

Salula ta mutu a tafina.
Na ɗauki alli na jera ranakun bakwai a tabulo,
na ja layi na takwas, na bar gurbin kwanan wata.
Na ce wa mai shara kada ta goge wurin.
Mun shiga sati na uku yanzu,
lissafi ma raɓawa yake ta gefe.