Ranar Mataji a Puno

Litinin, sanyin tafkin Titikaka ya hana cire hula,
ni kuwa na ce a cire.
Hulunan ulu talatin da ɗaya a kan benci.

Nelida ce ta fara susa tun makon jiya,
aka raɗa mata suna, aka janye kujeru daga gefenta.
Uwarta mai kifi ta zo da almakashi,
na ce, "Mayar.
Shekara bakwai ana renon gashin nan."

Mataji mai ƙananan haƙora, ruwan tsami, farin ƙyalle.
Bayan kunne nake bi,
can ƙwan ke maƙale kamar riɗi.
Ƙas! Tsakanin farce da farce.

Wilber, ɗan mai otal, sai ƙamshin sabulu,
sha huɗu na ƙirga a ƙeyarsa.
Aji ya yi tsit.
Ƙwarƙwata ba ta tambayar sana'ar uba.

Takarda gida-gida: a tafasa hula da rigar matashi,
kowa da matajinsa,
mu sake dubawa bayan kwana bakwai.

Da aka tashi, Nelida ta tsaya tana kallona.
"Malama Eulalia, tun ɗazu kike susa."
Na zauna a kujerarta,
na miƙa mata matajin.