Saura Minti Bakwai

A bayan Ƙofar Ƙaura, dab da mai faci,
akwai wani shago, siminti ake sayarwa yau.
Jiya na kashe babur na leƙa,
ina neman gurbin kujera ta huɗu.
Buhuna ne jibge har rufi.

Nan ne kafen Ɗayyabu.
Naira ɗari biyu, kwana ɗaya cur,
daga sallame Isha'i har ladan ya gyara murya.
Kwamfuta tara, fanka ɗaya mai gardama,
janareta na tari a waje
kamar tsohon da ya ƙi asibiti.

A can ni maharbi ne, mai koriyar alkyabba,
ni da ko danƙo ban iya ja ba.
Sada ya ɗauki garkuwa don faɗin kafaɗa,
alhali iska na iya kayar da shi a Yammawa.
Mannir ke ɗinke raunukanmu da haske,
da rana kuwa yaron tela ne,
maɓalli kawai ake bari ya ɗinka.

Hasumiyar da ke tsakiyar taswira
tana da sunanta, mu dai Gobarau muka sa mata,
har sunan ya bi bakin baƙi.
Wani ɗan Brazil ya riƙa rubuto mana:
mu haɗu gobaraw.
Mu yi ta dariya har Ɗayyabu ya ɗaga kai daga gyangyaɗi.

Akwai Tala, mai aikin jinya a Manila.
Ta koyi sannu, ta koyi wallahi,
tana sa su duk inda ta ga dama.
Da azumi sai ta tsaya a bakin kogo:
ku je ku yi sahur, dodon ba inda za shi.
Kuma ta jira. Minti arba'in, ta jira.

Wata uku Sada bai gaishe ni ba
a kan wani takobi
da ko albasa ba zai yanka ba.
Mannir ya sasanta mu a teburin mai shayi,
ya biya kuɗin ƙwai da kuɗin ɗinkinsa.

Sai sanarwa ta zo, layi biyu:
ran Laraba za a rufe duniyar.
Daren nan kowa ya taru gindin hasumiya,
abokan gaba ma sun zo, ba wanda ya zare makami.
Ana ta rabon dukiya kamar gadon mai rai,
zinariya zube a ƙasa, ba mai sunkuyawa.
Na fara rubuta wa Tala: na go
sai janareta ya yi shaƙuwa.
Duhu.
Ɗayyabu na girgiza jarka, ko ɗigo.
Saura minti bakwai.
Mun zauna shiru, mu tara,
muna jin ƙarfen fanka na hucewa.

Yau wayar aljihuna ta fi su tara ɗin gudu.
Ɗana na harbin mutanen da bai sani ba,
minti goma, kowa ya watse,
ba sallama, ba ya gajiya.
Ban hana shi ba. Me zan ce masa?
Cewa na taɓa yin unguwa a cikin akwati?

Sada na Kaduna, sai gaisuwar salla.
Mannir na kwance a Ɗanmarna,
shi da ya tashe ni sau dubu daga faɗuwa,
ban iya masa ko sau ɗaya ba.
Tala kuwa, ko sunanta na yanka ban sani ba.

Lambar katin banki nakan manta,
amma kalmar sirrin nan tana yatsuna,
makullin ɗakin da aka rushe.

Mai siminti ya ce, buhu nawa za a ɗauko?
Na ce a'a, farashi kawai nake tambaya.
Na daɗe ina buga babur kafin ya tashi.