Tekun Ladidi

Ladidi ta ce sai na kai ta teku,
ta gan shi a littafin makaranta:
farin yashi, ruwa ba tsallake.
Na ce, 'yata, Jos muke,
nan dutse ke goyon dutse.

Duk da haka ran Asabar muka ɗaura takalma,
muka bi siririyar hanyar bayan Rayfield
wadda ƙafar masu itace ta share,
tsakanin ƙerana da dogayen turare.
Ƙadangare ya gaishe mu sau uku daga kan fa.

Sai ga kududdufin kuza,
kore shar, shiru kamar bai san komai ba.
Nan kakanta Tanko ya yi dakon ƙasa a kwano
shekara ashirin, har gashin tsakar kai ya yi ƙaura.
Ramin da suka haƙa ne sama ta cika.
Ban faɗa mata ba.

Ta tuɓe takalmi, ta taka jan yashin gaɓa,
ta jefa tsakuwa, zobe ya haifi zobe.
"Baba, ina igiyar ruwan?"
Na ce yau hutu take.
Na riƙe bakin rigarta gam,
don ruwan nan ba ya gargaɗi:
daga idon sawu sai zurfi.

Muka ci dafaffen dankali da yaji
har sanyin la'asar ya gangaro daga Shere.
Ta cika aljihu da yashi
za ta nuna wa 'yan ajinsu.

Ni kuwa na waiwaya sau ɗaya.
Allah ya jiƙan Tanko,
ashe teku yake haƙa mana.