Tsirkiya Takwas

Ta farkon a gwanjo na tsince ta,
tsakanin risho da takalman ƙwallo.
Mandolin, in ji mai kayan, shi ma bai san ta ba.
Shekara uku tana cizon yatsuna.
Wuyanta ya lanƙwashe tun bazarar bara,
tsirkiya ta yi nesa da katako
kamar igiyar shanya.
In na murɗa kunnenta da la'asar,
kafin magariba ta kwance, ta koma son ranta.

Na ɗauki adashe ran Laraba:
dubu casa'in, daga gyaran janareto a Ƙofar Ruwa,
har kuɗin warin baƙin mai suke.
Na biya Fagge na ɗauko Baba Tanimu,
wanda ya yi kiɗa a otal tun ba a haife ni ba.
Idonsa ɗaya ya tafi, kunnuwansa suna nan.

Sabon Gari, shagon Ikenna, bayan masu lasifika.
Uku ne a rataye.

Ta sama tana ƙyalli, an yi mata ado da bawon kifi,
bakinta a naɗe kamar ƙahon rago.
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa.
Na ce, babur nake taya ko abin kiɗa?
Ya yi dariya: “Taɓa kawai, taɓawa kyauta ne.”
Ban taɓa ba. Kowa ya san tsawon bargonsa.

Ta tsakiya ja ce, da ramin saka waya.
Raina ya biya.
Baba ya ƙwanƙwasa cikinta da ƙumba,
ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana a ’Yan Lemo.
“Fenti ne ke magana,” ya ce, “ba itace ba.
Kuma ina wutar da za ka jona?”

Ta ukun ba ta kira kowa ba.
Launin shayi, da tabo a kafaɗa
inda wani ya buge ta da ƙofa.
Baba ya ɗaga ta, ya saita ido ɗayan
daga gindi zuwa kai, yadda kafinta ke duba katako.
Ya tura jaki kaɗan.
Ya danna a sama, ya danna can ƙasa kusa da ciki,
ya ja guda ɗaya, ya bar ta.
Muka tsaya.
Janareton maƙwabci na ruri, wata na tayin makirfo,
amma sautin ya ƙi mutuwa,
ya yi ta tafiya siriri
kamar zare a hannun mai ɗinkin hula.

“Ɗari da ashirin.”
Saba'in.
“Albarka.”
Na nuna tabon. Ya nuna kunnuwan ƙarfe.
Na juya kamar zan fita, ƙafata ta ƙi.
Ya gani, ɗan kasuwa ne.
Tamanin da biyar, da gyaran janaretonsa sau biyu,
ya ƙara da jaka mai mataccen zif.

A adaidaita na rungume ta,
kowane rami na hanyar Bata a haƙarƙarina ya sauka.

Da dare, a soro, na fara waƙar nan
da kullum nake tuntuɓe a gaɓarta ta uku.
Shekara uku ina zagin tsohuwar a kan wurin.
Sabuwar ta kai ni lafiya, tas, tas,
har bakin gaɓar,
na faɗi a inda na saba faɗuwa.

Na daɗe ina kallon yatsuna.

Tsohuwar tana jingine da buhun gawayi, ba ta ce komai ba.
Gobe zan goge ta, in sassauta mata jaki,
in miƙa wa Zulai ’yar maƙwabcinmu,
wadda ke laɓewa a bakin ƙofa duk dare
tana kaɗa roba a kan gwangwanin madara.
Amma sai na fara ba ta haƙuri.