Bayan Labule

A Kumo, shekarar da rufin ɗakin taro ya yi yoyo,
ni ne na bayan labule,
takarda a hannu, ina raɗa wa mai mantuwa maganarsa.
Gidado aka ba jarumi.
Alkyabbarsa zanen gado ce,
takobinsa katako, an shafe shi da toka.

Malam Sambo ya ce, "Ku lura da kyau,
a fitowa ta farko ba mugu ba ne.
Shi ya tsare ƙofar gari ranar da kowa ya ranta a na kare.
Sai wani ya raɗa masa kujerar ta dace da shi,
raɗar kuwa ta yi saiwa."

Fitowa ta uku, inda zai soke amininsa,
nan Gidado ke cijewa kullum.
Hannu ya yi rawa, katako ya faɗi,
ya ce, "Malam, wa zai iya wannan?"
Ni kuwa daga duhu: soke shi mana,
mutane na jira.
Bappayo, wanda za a soka, yana danne dariya.

Shekara ashirin da uku.
Dadin Kowa, ƙasan madatsa, ƙungiyar masu noman rani.
Gidado ne ya kwana uku a ƙofar ofis a Gombe
har aka sako mana ruwa,
shinkafa tana gab da ƙonewa.
Muka ɗaga shi sama, har da kafaɗata.
Wani ya ce shugabanci da kai ya dace.
Ina jin ni ne na ce.

Da fari buhun taki biyu ne suka sauya hanya,
don masu ƙuri'a, in ji shi, ba don cikinsa ba.
Sannan sunaye suka hayayyafa a littafi,
har da na waɗanda muka sallata bara.
Bappayo ke riƙe da littafin.
Ya ƙi sa hannu.
Da hantsi aka ce kuɗin injin ban-ruwa sun yi ƙafa,
kafin la'asar an san wanda za a ce ya ci.
Ba takobi, ba jini,
hatimi ne kawai da biro.
Hannun bai yi rawa ba. Na duba.

Wata huɗu Bappayo ya yi a tsare.
Ya fito da tari, ya tarar an raba gonarsa.

A wasan Malam Sambo jarumi yakan farga a ƙarshe,
ya tsaya shi kaɗai, fitila ɗaya a kansa,
ya ambaci abin da ya yi da sunansa,
sannan a ja labule.

Jiya ya sauke gilashin mota a bakin kasuwa,
ido jajur, ya ce barci ya ƙaurace masa.
Ya dube ni irin duban da,
na lokacin da magana ta kuɓuce masa.
Na laluba aljihu. Babu takarda.
Wannan fitowar ba wanda ya rubuta mana ita.