Ƴan Ƙodagon Ɓoye

Tsahara ta dawo daga makaranta da kwalba,
kamar jiƙon tsamiya.
Ta ce, "Baba, akwai rai a ciki."
Na ɗaga ta ga rana, ban ga kowa ba.

Muka cuɗe irin alkama da shi da ƙaro,
na ba ta fangali uku a ƙarshen gona,
inda ruwan Mozage ke isowa a gajiye.

Kwana arba'in, na tumɓuke guda:
saiwa ta yi gemu kamar liman.

Yau an auna, ta fi ni tiya shida.
A Ƙonni ba a hana ma'aikaci haƙƙinsa,
to waɗannan fa?
Ta ce kashin awaki ya ishe su.
Na zuba. Na duƙa, na yi musu sannu.